Yadda Ake Neman a Ɗauke Bincike Daga Hannun ’Yan Sandan da Ba Ka Yarda da Su Ba

Wata uku ke nan da ka kai ƙara caji ofis, kullum amsar ɗaya ce: "Oga ba ya nan, ka dawo Litinin." Ran nan kuma sai ka hangi wanda kake ƙara da ɗan sandan da ke riƙe da fayil ɗinka suna cin tsire a takarda ɗaya. Zuciya za ta ce ka ruga kotu ta ƙwace binciken ta miƙa wa wata hukuma. Ana iya neman hakan a Najeriya, sai dai kotu ce zangon ƙarshe, kuma wanda ya je mata hannu rabbana haka zai dawo.

Abu na farko, sayi littafin rubutu. Rubuta ranar da ka kai ƙara, sunan mai binciken da lambarsa, ranakun da ka koma, shaidun da aka ƙi kira, da kuɗin "mai" idan an nema. Kada ka goge saƙonnin waya. "Ban yarda da su ba" ba hujja ba ce a gaban alƙali, amma "likita ya ba da rahoto ranar kaza, har yau ba a karɓa ba" hujja ce.

Daga nan sai takardar koke zuwa sama. Bayan DPO, wato shugaban caji ofis, akwai Kwamandan Yanki, sai Kwamishinan ’Yan Sanda na jiha, sai Mataimakin Sufeto Janar mai kula da shiyya, kamar Shiyya ta 1 da ke Kano, sai Sufeto Janar a Abuja. Kowannensu na iya sa a kawo fayil daga ofishin da ke ƙarƙashinsa, kuma yawancin binciken da ake ɗaukewa ta nan ake ɗauke shi, ba tare da an taka harabar kotu ba. Ka faɗi abin da kake so ƙarara: a mai da binciken sashen CID na jiha, ko na shiyya.

A nan mutane ke yin asara. Tafi da kwafi biyu. Magatakarda zai karɓi ɗaya ya ce "shi ke nan, za a duba." Kada ka motsa sai ya buga hatimin karɓa a kan naka, da kwanan wata da sa hannu. Wannan ɗan tawadar ita ce jarinka a kotu. Idan an ƙi bugawa, aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit.

Idan wata hukuma kake so ba ’yan sanda ba, duba ko laifin huruminta ne. Damfara da zambar kuɗi na EFCC ne, cin hanci a aikin gwamnati ICPC na karɓa, miyagun ƙwayoyi NDLEA, safarar mutane NAPTIP. Waɗannan kana iya rubuta musu kai tsaye. Amma rikicin gona ba zai zama na EFCC ba don kawai ka ji ana tsoronsu.

To, an yi shiru, ko an ƙi. Yanzu sai lauya, kuma wanda ba shi da hali ya gwada Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi. Abin da lauyan zai nema shi ne umarnin tilas, wanda suke kira mandamus, wato kotu ta tilasta wa jami’i yin aikin da doka ta ɗora masa. Sai an nuna cewa an nema an ƙi, shi ya sa zai fara aika wasiƙar ƙarshe mai wa’adi. Bayan nan ya nemi izinin kotu, da takardar rantsuwarka da kwafin kokenka masu hatimi a maƙale. A Babbar Kotun Tarayya wata 3 kacal ake da shi daga faruwar abin da ake ƙorafi a kai, don haka zaman jiran "Litinin" na iya cinye damar.

Ka kuma san inda gizo ke saƙa. A 2002, a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar yana neman a tilasta wa ’yan sanda binciken gwamnan Legas na lokacin, Kotun Ƙoli ta ce kariyar da gwamna ke da ita daga gurfana a kotu ba ta hana bincike, amma ta ƙi ba da umarnin, domin ’yan sanda na da zaɓi a kan yadda suke gudanar da aikinsu. Lauyan ’yan sanda zai ɗauko maka wannan hukunci tun ranar farko. Abin da ke tsallake shi hujjar son kai ce ƙuru-ƙuru, misali wanda ake zargi ɗan sandan ofishin ne da kansa.

A ganina, kafin wannan doguwar hanya gara ka ƙwanƙwasa ƙofofi biyu. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da shari’ar laifi ko karɓe ta, sashe na 174 kuma na tarayya ne. Sannan a jihohin Arewa ana kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Idan kuwa kai ake zargi ana tsare ka kan bashi, maganarka ta take haƙƙi ce a ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin, kuma Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki kawai.

In Allah ya sa an ba da umarnin, karɓi kwafin da kotu ta tabbatar, masinjan kotu ya kai wa duk wanda aka ambata. Sabbin masu bincike ka ba su kwafin takardunka, ainihin ya kwana a gida. Idan fayil ya ƙi motsi, lauya ya shigar da Fom 48, takardar da ke gargaɗin jami’i cewa raina umarnin kotu na kai mutum gidan yari.