Altarnata ta mutu, batir kaɗai ke riƙe da mota: kurakuran da direbobi suka fi yi

Jar fitilar nan mai hoton batir, idan ta kama a gaban sitiyari kana cikin tafiya, yawanci ba batir ne ya lalace ba. Altarnata ce, wadda wasu ke kira dinamo, ta daina ɗura wuta. Daga nan mota ta koma cin abin da ke cikin rumbu. Injin kuwa yana ta aikinsa kamar ba abin da ya faru, shi ya sa mutum zai taso daga Madawa da la'asar, ya ga fitilar, ya ce bari dai in lallaɓa zuwa Maraɗi, sai motar ta mace masa cikin duhu kafin Gidan Rumji.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ƙin tsayawa a buɗe gaban mota. Minti ɗaya ya isa. Duba bel ɗin da ke juya altarnata: yana nan, ya saki, ko ya tsinke? A motoci da yawa, ciki har da Corolla da Starlet da suka cika garin nan, wannan bel ɗin ne ke juya famfon ruwan injin. Idan ya tsinke, ruwa ya daina zagayawa, cikin ƴan mintoci allurar zafi ta haura ja, gasket ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe. Mai irin wannan mota ba shi da wata tafiya a kan batir, sai dai a kawo bel ko a ja motar. A Hilux da Hiace masu tsohon injin gazuwal na 3L ko 5L kuma, famfon da ke tausasa birki a bayan altarnata yake manne. Bel na tsinkewa, ka taka birki sau biyu ko uku, sai ka ji shi ya sandare kamar dutse. Idan bel yana nan amma ya saki, danna shi da babban yatsa a tsakiya. Ya nutse fiye da santimita ɗaya, a ɗaure shi. Sau da yawa nan matsalar take ƙarewa.

To, a ce bel lafiya lau, altarnatar ce da kanta. Sai lissafi, kuma a nan mutane ke ruɗin kansu. A jikin batirin ƙaramar mota za ka ga an rubuta 60Ah ko 70Ah, wato yawan wutar da yake ajiyewa: amfa 60 ko 70 na awa ɗaya. Injin esansi mai kwamfuta, da famfon mai da fulogi da injekta, yana jan amfa 10 zuwa 20 ko ba a kunna komai ba. A takarda sai ka ce awa uku zuwa bakwai ke nan. Ba haka ba ne. Mota ba ta jira batir ya ƙare tas. Ƙarfin wuta na sauka wajen bolt 10, famfon mai ya yi sanyi, fulogi ya fara tsallake, injin ya ɗauke. Sabon batir cikakke, da rana, komai a kashe, ka sa ran kamar awa guda, in ka yi sa'a da rabi. Batirin da ya sha zafin Afrilu sau biyu ko uku kuwa, raba wannan biyu. Kuma ka tuna ba lallai ne ka ga fitilar a lokacin da ta kama ba.

Manyan fitilun gaba wat 55 ne kowacce, su biyu kusan amfa 9, ga na baya da na lamba. Kilim, wato na'urar sanyaya mota, ta fi su ci, domin bayan fankar cikin mota tana tayar da fankar lagireto, su biyun suna iya haɗiye amfa 20 zuwa 30. Mai tafiyar dare da kilim a kunne, rabin awa ma da wuya. Saboda haka a kashe kilim, da rediyo, a zare cajar waya, a sauke gilashi sau ɗaya a bar shi haka. Amma kada a ce za a yi tsimin wuta a kashe fitila da dare. Hanyar Dakoro ko ta Ɗan Isa, ga amalanken shanu marasa ko ƙyalli, ga dabbobi, ga masu babur. Wannan ba dabara ba ce. Dare ya yi, a nemi gari a kwana. Haka nan masu zare wayar fankar lagireto: sun tsira da amfa goma, sun sa injin cikin haɗari.

Tsohuwar gazuwal mai famfon ƙarfe, marar kwamfuta, ita ce mai dogon numfashi. Da ta tashi, ɗan abin da take buƙata shi ne wutar da ke riƙe ƙofar mai a buɗe, amfa ɗaya ko biyu. Irinta tana iya wuni tana tafiya da rana. Kada mai sabuwar gazuwal ya ga haka ya kwaikwaya, tasa ta fi ta esansi ma son wuta.

Wasu suna dannan totur a tsaye wai batir ya cika. Me zai cika shi? Abin ɗurawar ne ya mutu. Batir da lokaci yake ƙarewa, ba da kilomita ba, don haka minti goma a cunkoson babbar kasuwa, ana taka birki fanka na tashi, ya fi cin wuta a kan minti goma a buɗaɗɗiyar kwalta. Ɗauki hanyar da ba tsaye-tsaye, ka nufi mai wayarin mafi kusa, ba gida ba.

Kashe mota a hanya don gaisuwa ko sayen goro ma kuskure ne. Sitata na buƙatar amfa 150 zuwa 200 a lokaci guda, ta gazuwal fiye da haka. Batirin da zai iya riƙe injin na wasu mintoci ashirin ba zai iya ba da wannan ba, sai dai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. In tsayawa ta zama dole, kamar don salla, mai giyar hannu ya ajiye motar a gangare, ya tashe ta da turi a giya ta biyu. Ko turin ma sai da sauran wuta a batir, domin kwamfuta da famfon mai ba su san turi ba. Otomatik kuwa ba a tura ta. Ita wuta na yin ƙasa takan maƙale a giya ɗaya, kuma in sitiyarinta na lantarki ne, kamar na Yaris, sai ya yi nauyi ba sallama, wataƙila a tsakiyar kwana. Fitilun gaban sitiyari suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, allurai na rawa, sauka gefen hanya tun kana da iko da motar.

Akwai wani gwaji da ya ƙi mutuwa a garejojinmu: a zare kan batir injin na aiki, wai in mota ta mutu altarnata ce. A zamanin Peugeot 404 an yi haka an zauna lafiya. Motar yau, batir ne ke shanye tsallen wuta. Ka zare shi, in altarnatar na da sauran rai, wutar na iya zabura ta ƙone kwamfutar injin ko diyod ɗin altarnatar kanta, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ƙaramar mitar awon wuta ta wadatar. Mota a kashe, cikakken batir yana nuna bolt 12.6. Injin na aiki, ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.5. Ka ga 12.2 yana ta sauka, ba caji. Ka ga ya haura 15, batir ya yi zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, regileta mai daidaita ƙarfin wutar altarnata ce ta saki, wannan kuma kashe motar ake yi nan take.

Jona waya da wata mota yana tayar da injin ne kawai. A zare nan da nan, ba za ka yi nisa ba ta sake mutuwa. A bar wayoyin a jone, motar mai taimako na aiki, minti 20 zuwa 30, sannan ka samu abin da zai kai ka ɗan gaba. Ja da ja, baƙar waya kuma a jikin ƙarfen injin, nesa da batir, saboda iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da tartsatsi. Wanda ya fi shi ne a aro cikakken batir a musanya, mota a kashe. Masu haɗa batir biyu su kula: mai alamar + da mai +, mai − da mai −. Aka jera su kan wannan da gindin wancan, bolt 24 ke nan, kuma duk abin da ke cikin motar na 12 ne. Kada a ajiye batir na biyu a ƙafar fasinja da saƙaƙƙun wayoyi.

In motar za ta kwana kafin gyara, zare kan batir mai alamar −. Diyod ɗin da ya ƙone yakan bar wuta ta riƙa komawa cikin altarnata, a wayi gari batir fayau.

A wurin gyara kuma kada a yi saurin sayen sabon batir, shi ma kwana ɗaya zai yi ya bi sahun na farko. Kada kuma a yi saurin sayen altarnata sukutum. A fara da babban fis ɗin caji, wanda a yawancin Toyota na amfa 100 ne ko 120, sai kawunan batir da suka yi farin gishiri, sai soket ɗin bayan altarnata. Bayan su sai gawayin ciki, wanda ƙurar hunturu ke saurin cinyewa. Canjinsa ba ya kai ko kusa da kuɗin altarnata ta hannu. Regileta da diyod ma ana canja su daban.

Kafin a mayar da batirin kan gyararriyar mota, a kai shi wurin masu caji. Mai 60Ah yana son amfa 6 na awa goma zuwa sha biyu. Faifan sola na wat 100 mai regileta ma yana yi, sai dai ya ɗauki kwana biyu. Aka ɗora wa gyararriyar altarnata fankon batir, za ta yi ta aiki iya ƙarfinta har ta yi zafi, sabon diyod ya sake ƙonewa. Shi kansa batirin, in ya kwana biyu a fanko, farantansa kan yi ɓawon da caji ba ya narkarwa, don haka ranar da aka iso gari ranar za a jona shi.