Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo Mai Kiɗa da Waƙa

Haɗa magana da waƙa da rawa ba baƙon abu ba ne a Zamfara da Kabi, tashen watan azumi ma haka yake. A Amurka kuwa, wasan Oklahoma! na 1943 ne ya kafa tsarin da waƙa ke ɗaukar labari, maimakon ta zama abin cike gurbi. Wannan ma'auni za a riƙe: duk waƙar da za a cire labari bai girgiza ba, a cire ta.

Labari ake fara rubutawa. Wasan minti 45, waƙa biyar ko shida sun ishe shi, kowace kada ta wuce minti uku. A sa su inda magana ta gaza, kamar sa'ar da za a kai amarya, ko ranar da ruwa ya cinye shinkafar fadama.

Tsarin makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru shi ya fi dacewa. Jagora ya kawo ɗiyan waƙa, wato baitocinta, 'yan amshi huɗu zuwa shida su riƙe gindinta, wato amshin da ake maimaitawa. Gindin ya zama gajere, yadda 'yan kallo za su kama shi a ji na biyu. Nan ne ake yawan kuskure: a ɗauko karin waƙar waje a cusa masa kalmomi. Hausa harshe ne mai karin sauti, idan kiɗa ya hau inda kalma ta sauka, ma'ana ta ɓace. Don haka a riƙa faɗin baiti da baki tukuna, mai kalangu ya bi hawa da saukarsa, sannan a ɗora murya.

Makaɗa su zauna gefe, kada su tsaya bayan 'yan wasa, su kuma sassauta hannu idan jagora na rerawa. Janareta a kai shi nesa, a jawo wuta da doguwar waya.

Gwaji na mako shida: biyu na waƙa zalla, biyu na magana da motsi, biyu na haɗawa. Da damina fatar ganga takan saki saboda laima, sai an gasa ta kusa da wuta kafin a fara. Da hunturu murya ke dushewa, a tanadi ruwan ɗumi. Kafin a sa rana, a nemi izinin mai unguwa ko hakimi, a kuma zaɓi lokaci tsakanin la'asar da magariba inda fitar dare ke da wuya.