Yadda na gyara ma'aunin ci gaba da ke barin guntayen haruffa a taminal

Ƙaramin shirin Bash (harshen ba wa kwamfuta umarni a taminal, wato tagar da ake rubuta umarni) da na rubuta don kwafar fayiloli yana nuna sunan fayil ɗin da ake kai a layi guda, amma duk lokacin da gajeren suna ya biyo bayan dogo sai wutsiyar tsohon ta maƙale a allo. Dalili shi ne harafin `\r` da shirin ke aikawa kafin kowane suna yana mayar da manunin rubutu farkon layi ne kawai, ba ya goge komai.

Maganin yana cikin jerin umarnin ANSI, wato lambobin da ake sarrafa allon taminal da su, waɗanda taminal VT100 ta kamfanin DEC ta yaɗa tun 1978, kuma kowannensu yana farawa da harafin ESC, mai lamba 27, wanda ake rubutawa `\033` a cikin shiri. Na rubuta `printf '\r\033[2K%s' "$suna"`, inda `2K` ke share layin baki ɗaya kafin sabon suna ya sauka. Na fifita `printf` a kan `echo`, duk da cewa dukansu na buga rubutu a allo ne, saboda halin `echo` yana bambanta daga wannan shel (shirin da ke karɓar umarni, kamar Bash) zuwa wancan.

Sai kuma na ɓoye manunin da `\033[?25l` don ya daina rawa. Idan aka katse shirin da Ctrl+C manunin ba ya dawowa da kansa, don haka na sa `trap`, umarnin da ke jiran wani abu ya faru, a kan EXIT, wato fitar shirin, ya aika `\033[?25h` kafin shirin ya rufe.