Yadda Za a Kare Matasan Karkara Daga Ɗabi'u Masu Cutar da Lafiya, Masu Ƙanjamau da Marasa Ita

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin masu tasowa, kuma a wannan tsakanin ne yawanci ake fara shan taba, barasa da ƙwayoyin sa maye, ake kuma fara kusantar jima'i. Yaron da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau bai tsira daga wannan jarrabawa ba, domin abokansa su ne abokan sauran yara, sha'awarsa ma irin tasu ce. Sai dai kuskurensa ya fi tsada, ga shi a karkara asibiti na da nisa, sirri kuma yana da wuyar rufuwa.

Iyaye da masu kula da matashi, ku fara da keɓewa da shi. Matashi ba zai faɗi gaskiya a gaban ƙannensa ko maƙwabta ba. Ku kuma kula da yadda kuke tambaya. Idan aka ce, "Kana shan maganinka kuwa?" amsar kullum ita ce "E". Amma idan aka ce, "Kwana nawa maganin ya wuce ka a makon nan?" an nuna masa cewa mantuwa abu ne da ke faruwa, sai ya saki jiki ya faɗi. Haka za a tambaye shi batun shaye-shaye da na abota, cikin sanyin murya, ba tare da tsawa ba.

Wanda aka haifa da cutar yana da haƙƙin sanin abin da yake shan magani dominsa. Hukumar ta ba da shawarar a riƙa sanar da yaro sannu a hankali, yadda zai san matsayinsa sarai kafin ya wuce shekara 12. A ganina ɓoyewa ita ce babbar ɓarna, domin saurayin da yake jin ƙarfi a jikinsa, bai kuma san dalilin ƙwayar maganin da ake ba shi ba, rana ɗaya zai watsar da ita. Ku bayyana masa cewa tsallake magani yana ba ƙwayar cutar damar hayayyafa har ta bijire wa maganin, kuma maye yana daga cikin abubuwan da ke jawo mantuwa. A ɗaura shan maganin da wani aiki da ba ya tsallakewa, kamar wanke baki kafin kwanciya. Idan nisa ne matsalar, a roƙi asibiti ya ba da maganin wata uku zuwa shida a tafiya ɗaya.

Kada a bar gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ake yi bayan wata 6 da fara magani, sai wata 12, sannan duk shekara. Wanda adadin ƙwayar cutarsa ya tsaya ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya yaɗa cutar ta hanyar jima'i, kuma wannan labari yana ƙarfafa zuciyar matashi ƙwarai. Amma a gaya masa cewa hakan ba ya hana ciki ko ciwon sanyi, don haka ƙaurace wa jima'i ko amfani da kwaroron roba suna nan da muhimmancinsu.

Marasa cutar kuwa, a kai su gwaji, musamman 'yan matan da manyan maza ke ja da kyauta. Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, a garzaya da ita asibiti kafin awa 72 ta cika, domin akwai maganin kariya daga kamuwa da ƙanjamau da ake sha na kwana 28, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa.

Idan kuka ga matashi ya janye daga mutane, ya daina cin abinci sosai, ko yana cewa rayuwa ta ishe shi, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, sannan ku raka shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar.