Darasi na 9: Ruwan lagireton babur, yadda ake zaɓensa da yadda ake wanke shi

Kafin mu shiga darasin yau, kowa ya fara duba babur ɗinsa. Yawancin baburan da muke hawa, su Boxer da Jincheng da Haojue, iska ce ke sanyaya injinsu, shi ya sa za ka ga kan injin da tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Waɗannan ba ruwansu da lagireto. Amma akwai masu aiki da ruwa, wato manyan baburan gudu irin su Honda CBR da Kawasaki Ninja, da Pulsar NS200 na Bajaj, da kuma da yawa cikin kekunan nan masu ƙafa uku da ke jigilar siminti da fiya wata. In ka ga wani faffaɗan ƙarfe mai raga-raga da tiyo biyu masu kauri sun shige shi, toh lagireto ke nan, kuma darasin nan naka ne ɗan'uwa.

Aikin ruwan ba wuya a gane shi. Famfon ruwa yana tura shi cikin inji ya kwaso zafi, ya kawo lagireto iska ta huce shi, ya sake komawa, in zafin ya yi yawa kamar a cunkoso sai fanka ta tashi ta taimaka.

Me ya sa ba ruwan rijiya ba?

Na sha jin ana cewa ai ruwan kulan, wato ruwan musamman da ake sayarwa a jarka don zuba wa lagireto, na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da rana ke gasa mu me za mu yi da shi. Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa, amma wannan ɗaya ne kawai cikin ayyukansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. In aka haɗa shi rabi da rabi da kulan sai ya kai wajen 107, in kuma murfin lagireto lafiyayye ne yana riƙe iska yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba. Ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin gari kansa ya haura digiri 40, ga kaya a baya, ga cunkoso, wallahi wannan ratar ba ƙarama ba ce.

Sai maganar tsatsa, wadda ita ce ta fi damuna. Leƙa cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan burtsatse a ciki, za ka ga farin abu ya kama gindinta, in ka kankare da farce yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Irinsa ne ke taruwa cikin ƙananan hanyoyin lagireto, waɗanda wasunsu tsinken tsintsiya ma da ƙyar zai shiga. Na taɓa tsayawa kan wani mai keken kaya da aka kwance masa notin ruwa, abin da ya zubo ja wur kamar shayin da ba madara, da ɗan gari-gari a ƙasan roba, shekara biyu yana ɗura ruwan rijiya, kuma kullum kukansa keke na obahitin, wato inji na zafi fiye da kima. Abin ya ba ni tausayi sosai, don kuɗin da ya kashe a gyara ya ninka kuɗin kulan sau da yawa. Kulan yana da sinadarin da ke kare alminiyam da ƙarfe daga tsatsa, shi ne abin da kake biya.

Karanta jikin jarka

A nan karatun da muke koya zai yi maka rana. Kada kala ta ruɗe ka, kore ko ja ko shuɗi duk rini ne, kamfanoni biyu na iya yin kala ɗaya amma haɗin ciki daban. Rubutun za ka duba. In ka ga 50/50 ko kalmar Premixed, an riga an haɗa shi da ruwa, zuba kawai za ka yi. In ka ga Concentrate, mai kauri ne, kai za ka sirka shi. Sannan ka nemi inda aka rubuta Silicate Free, don sinadarin silikat da ke cikin wasu na mota yana iya cinye robar famfon ruwan babur har ya fara yoyo. Kuma dan Allah kada ka haɗa iri biyu da ba ka san su ba, wani lokaci sukan yi kauri su toshe hanya.

Lissafin ba wuya. In babur ɗinka na shan lita 2, toh lita 1 na mai kauri, lita 1 na ruwa. Ruwan kuma tataccen nan ne da ake ƙara wa batir, amma ka buɗe baki ka gaya wa mai shago ba mai asid kake so ba, don duka biyun ruwan batir ake ce musu, kuma in asid ya shiga inji an yi asara.

Wankewa

Da safe ake wannan aikin, inji na sanyi ƙalau. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ko da tsumma ne, ruwan zai yi tsiri ya sale maka fuska da hannu. Ka tanadi sifana, mazurari, roba mai faɗi, da sabuwar washa ta jan ƙarfe.

Ka kafe babur a wuri mai daidai, ka sa roba ƙarƙashin famfon ruwa, ka kwance notin tsiyayewa, galibi shi ne mai washar jan ƙarfe, sannan ka buɗe murfin sama, amma ka matsar da robar gaba kaɗan don da zarar iska ta shiga ruwan fitowa yake da ƙarfi ba ɗiga ba. Ka cire ƙaramin tankin roba na gefe shi ma ka juye ka ɗauraye. Sai ka mayar da noti, ka cika da tataccen ruwa, ka rufe, ka tayar da inji har fanka ta tashi, ka kashe, ka jira ya huce sosai, ka sake tsiyayewa. Haka za ka yi ta yi, sau biyu ko uku, har abin da ke fitowa ya zama garau. Jiran hucewar nan ne ke gundurar mutane su yi ganganci, ka yi haƙuri da shi.

In ya fito garau sai ka sa sabuwar washa ka ɗaure noti, a hankali fa, jikin alminiyam ne, in ka matsa da ƙarfi zaren zai lalace. Ka zuba kulan sannu sannu, kana matsa tiyo da hannu kana ɗan karkata babur dama da hagu, za ka ga kumfa na tasowa, iska ce ke fita, kuma in ta maƙale a ciki inji zai yi zafi ko da sabon ruwa ne. Ka cika har wuya, tankin gefe kuma tsakanin layin sama da na ƙasa. Ka ɗan zaga unguwa, washegari da safe ka sake dubawa ka ƙara in ya sauka. In ya zuba a taya ko birki ka wanke nan take, santsi gare shi. Yawancin kamfanoni suna cewa a canza duk shekara 2 ko 3, littafin babur ɗinka zai faɗa maka. Bayan hunturu kuma ka wanke ƙurar da ta toshe ragar lagireto da ruwa mara ƙarfi.

In ka ga man inji ya koma fari kamar an zuba masa madara, ko ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake zuba ba, wannan ya wuce wanki, gaskit ake zargi, wato shimfiɗar da ke tsakanin sassan inji mai hana ruwa da mai haɗuwa, kai wa bakanike.

Tsohon ruwan kuwa guba ne. Sinadarinsa, etilin gilaikol, zaƙi gare shi, akuya da kaji da kare za su sha, yaro ma zai iya sha, kuma ƙoda yake lalatawa har ya kashe. Kada ka bar robar a tsakar gida ko na minti biyar, kada ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma ka ɗura shi a gorar lemo. Ka sa a tsohuwar jarkarsa ka rufe gam ka kai gareji. In yaro ya sha, asibiti kai tsaye tare da jarkar, ko da ka ga kamar lafiyarsa lau.

Aikin gida: ka je shagon kayan gyara ka kwafo a littafinka abin da aka rubuta a jikin jarkar kulan guda biyu. Sannan ka lissafa, keken da ke shan lita 3, nawa zai ci na mai kauri, nawa na ruwa? Ka zo da amsar ranar darasi na gaba.