Idan Allurar Malejin Kat-kat Ta Fara Rawa, Ga Inda Nake Fara Dubawa

A garejinmu da ke Damagaram, yawancin kat-kat ɗin da ke shigowa, wato motocin da ƙafafunsu huɗu ke iya ja, tsofaffi ne: Land Cruiser 60 da aka yi daga 1980 zuwa 1990, da 75 mai injin 1HZ, da 80, sai Hilux da Patrol jefi-jefi. Mota ce da ta sha hanyar Tanut da Agadas, ta sha gargada da yashi. Idan allurar malejinta ta fara tsalle, mai ita yakan ce a nemo masa wani agogon a kasuwa. Ni kuwa nakan ce masa, Alhaji, a yi haƙuri, mu fara leƙa ƙarƙashin motar, domin a mafi yawan waɗanda na gyara agogon lafiyarsa ƙalau.

Kuma kada ka ce ƙaramin abu ne a bar shi. Wanda zai shiga daji, da lambobin kilomita yake lissafin gazwal ɗinsa, da su yake sanin ya cika kilomita 5,000 ya canja baƙin mai. Maleji mai ƙarya yakan sa man mutum ya ƙare inda babu gidan mai.

Kafin ka taɓa sifana, ɗauki motar ka hau kwaltar Mirriya, ka sa wani ya zauna gefenka ya lura da abu biyu: allurar, da lambobin kilomita da ke juyawa a ƙarƙashinta. Idan allura ta kwanta, lambobi ma sun tsaya, juyin ne ba ya isowa sama, wato laifin yana ga kebul ko ɗan giyan da ke juya shi. Idan lambobi na tafiya daidai amma allura na rawa, to ko dai kebul ɗin yana cijewa yana saki, ko agogon ne da kansa. Ka kuma kasa kunne: ƙarar ƙis-ƙis daga bayan tabulo (allon agogunan gaban direba) mai ƙaruwa da gudun mota, kusan kullum busasshen kebul ne.

Akwai abin da ba lalacewa ba ne. Allurar da ke tsaye cak amma tana nuna 80 alhali wayarka mai GPS na nuna 86, wannan aikin taya ne, an sa wadda ta fi ta kamfani tsawo. Idan babu waya, riƙe allura a kan 60 ka ƙirga lokaci tsakanin duwatsun bakin hanya guda biyu masu tazarar kilomita ɗaya, ya kamata ya ɗauki minti ɗaya cif. Haka nan in ka kafe a yashi allura ta haura mota ba ta motsi, gaskiya take faɗa, tayoyin ne ke juyawa a banza.

Yanzu mu shiga ƙasa. Kashe inji, ja birkin hannu, sa duwatsu a tayoyi. A kat-kat, maleji ba daga babbar bwat, wato akwatin giya, yake ɗaukar juyi ba, daga ƙaramar bwat ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya yake, kusa da inda kardan ɗin baya, sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya, ya fito. Idan ka ga baƙin kebul mai kauri da goro a bakinsa, motarka ta tsohon tsari ce. Idan ka ga 'yar na'ura da wayoyi uku, ta lantarki ce, kamar 80 na shekarun ƙarshe.

A kan mai kebul zan daɗe, don ita ce ta fi yawa a nan. Fara taɓa goron da hannu. Gargada na kwance shi, bakin kebul ya riƙa shiga yana fita daga raminsa, allura ta yi ta faɗuwa tana tashi. Sau da yawa ɗaure goron nan shi ne gyaran gaba ɗaya. In yana ɗaure, bi kebul ɗin da hannu har inda ya shige cikin mota, ka nemi wurin da ya lanƙwashe sosai, ko ya jingina da salansa ya ƙone, ko reshen ƙaya ya fizge shi daga maƙalarsa.

Sai ka kwance shi ta ƙasa, ka kama bakin zaren ƙarfen da ke ciki da injin huda na lantarki, ka juya a hankali yaronka na kallon agogo. In allura ba ta motsa ba, juya injin ɗaya ɓangaren, don hanya ɗaya kawai take amsawa. Idan ta tashi ta tsaya wuri ɗaya ba rawa, kebul da agogo sun fita daga zargi, saura ɗan giya. Idan ta yi rawa a nan ma, cire kebul daga bayan agogon ka zare zaren. Riƙe bakinsa biyu, ka bar tsakiyar ta sauko kamar igiyar guga, ka murza da yatsu. Mai lafiya yana juyawa sumul. Wanda ya karye a ciki zai riƙa harbawa a hannunka, kuma wannan harbin ne kake gani a allura. Irin wannan ba ya gyaruwa, a canja shi. In sumul yake amma ya bushe da ƙurar hunturu, wanke shi da gazwal, ka shafa giris kaɗan mara kauri, amma ka bar kamar santimita 15 na sama babu komai.

Dalilin barin saman a bushe shi ne yadda agogon ke aiki. A ciki maganaɗisu ne ke juyawa kusa da wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, shi ke jan allura, siririn sifirin kuma na mayar da ita. Da zarar maiƙo ya shiga tsakaninsu, allura za ta riƙa lilo ko ta harba can sama. Saboda haka in ka cire kebul ka ga bakinsa na sama jiƙe da man bwat, robar da ke tare mai a gidan ɗan giyan ta mutu, man yana hawowa ta cikin kebul. A canja robar kafin a wanke agogo, in ba haka ba bayan 'yan makonni motar za ta dawo.

Shi ɗan giyan na roba ne, ƙusa ɗaya ke riƙe gidansa. Zare shi ka duba haƙoran. In tsakiyarsu ta cinye, yana kamawa yana zamewa. Ƙirga haƙoran kafin ka tafi Kasuwar Dole ko ka yi saƙo Kano, don ba duka ne adadinsu ɗaya ba, kuma wanda bai dace ba zai ba ka gudun ƙarya ko ya cinye nan da nan.

Ta lantarki kuwa, kafin ka zargi na'urar, dubi sauran allurorin. In ta mai da ta zafin inji su ma suna motsi, musamman in ka kunna fitila, nemi wayar mas (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) da ta saki ko ta yi tsatsa, sannan ka auna caji a kan batir inji na aiki: tsakanin 13.5 da 14.5 a mota mai bolt 12, ninki biyu a mai 24. In maleji ne kaɗai, cire mahaɗar wayoyin nan uku ka wanke koren tsatsa da laka. Ɗaya wuta ce, ɗaya mas, ɗaya saƙo. Cire na'urar daga bwat, ka bar wayoyinta a haɗe, ka kunna makulli, ka juya bakinta da yatsa, mitar auna wuta na kan wayar saƙo. A Toyota wutar za ta hau ta sauka sau huɗu a juyi ɗaya. In tana tsallake wani, na'urar ce. Ina roƙonka kada ka ɗaga taya ɗaya ka sa giya don gwaji, musamman a 80 wadda ƙafafunta huɗu ke ja kullum, za ta sauko daga kan jak ta bi ta kan mutum.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake buɗe agogon. A na lantarki galibi dalmar bayan allon ce ta tsage saboda girgiza da zafi, mai gyaran rediyo zai sake narka ta. A mai kebul, in bushin maganaɗisun ya ci har yana gogar kofin, nan kam a nemo wani, a duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon, kuma a rubuta kilomitan tsohon a takardun mota kafin a ɗaura.