Kafin Ka Ɗauki Tsintsiya: Yadda Ake Gyara Wurin Da Ɓera Ko Jemage Ya Zauna

Ka buɗe sito ko wani ɗaki da aka yi watanni ba a leƙa ba, warin nan na ɓera ya dake ka tun daga bakin ƙofa, ka ɗaga kwali ga kashinsa nan birjik, toh abin da hannunka zai fara lalube tsintsiya ce. Kowa haka yake yi, nima haka na taso inayi. Amma dan Allah ajiye ta tukuna, don a duk aikin nan ba inda aka fi tafka kuskure kamar wajen sharar busasshen kashin ɓera.

Mu a tunaninmu sai ɓera ya ciji mutum sannan akwai matsala. Masu bincike kuwa abin da suka gano shine yawancin ƙwayoyin cutar (bairos) da ɓera ke ɗauke da su a fitsari da kashi da miyau suke fita, ɓeran kansa garau yake yana harkarsa, ba zaka kalle shi kace wannan yana da cuta ba. Fitsarin ya bushe a ƙasa baka ganinsa, kai kuma kazo da tsintsiya ka tayar da ƙura ka shaƙa, shikenan ka kai abin huhunka da hannunka. Haka cutar Hanta ke shiga mutum (Hanta sunan bairos ɗin ne, ba ciwon hanta ake nufi ba). A 1993 a kudu maso yammacin Amurka, wajen da jihohi huɗu suka haɗa iyaka, matasa masu ƙoshin lafiya suka riƙa mutuwa cikin ƴan kwanaki huhunsu cike da ruwa, likitoci suka rasa gane kan abin, da aka bi diddigi sai aka tarar ruwan sama ne ya yi yawa, abincin ɓerayen daji ya wadata, suka hayayyafa suka cika gidaje da rumbuna. Bairos ɗin ma da aka zo sa masa suna mutanen yankin ba wanda ya yarda a laƙaba masa sunan garinsu, ƙarshe aka kira shi Sin Nombre, wato marar suna da Sifaniyanci. Garin Lassa na jihar Borno bai samu wannan gatan ba a 1969, haka birnin Marburg na Jamus a 1967, har yau suna amsa sunan cuta. Ita wannan Hanta ta huhu, cikin mutum uku da ta kama kusan ɗaya ba ya tashi, kaga kuwa ba abin wasa bane.

Toh ga yadda ake yi. Ka buɗe ƙofa da tagogi duka, ka fita ka bar wurin ya sha iska na minti 30 aƙalla, kada ka tsaya a ciki kana jira, kuma kada ka kunna fanka wai don warin ya fita da sauri, ƙurar da muke gudu ita fankar zata tayar. Kafin lokacin ya cika sai ka haɗa ruwan aikinka: bilic ɗin nan na wanke farin kaya kashi 1, ruwa kashi 9, wato in ka zuba kofi ɗaya na bilic sai kofi tara na ruwa. Sabo zaka haɗa ranar da zakayi aikin domin in ya kwana ƙarfinsa raguwa yake. Kuma kada ka ce bari in ƙara masa wani maganin wanke bayi don ya ƙara ƙarfi, bilic in ya haɗu da amoniya ko asid hayaƙi mai guba yake fitarwa, kazo maganin wata cuta ka jawo wata.

Sa safar hannu ta roba, ka ɗaura takunkumi mai kama fuska sosai, in wurin ya yi muni ƙwarai irin N95 ɗin nan ya fi. Sai ka fesa ruwan bilic ɗin a kan kashin da sheƙar da duk inda kaga alamar fitsari, fesawa ta gaske har ya jiƙe sharkaf, ba yayyafi ba. Ka bar shi minti 5. Minti biyar ɗin nan mutane basa iya haƙurinsa wallahi, ana fesawa sai a hau gogewa, alhali a cikinsa ne maganin ke kashe ƙwayar. Bayan nan ka kwashe da tishu ko tsumman da ba zaka sake amfani da shi ba, ka zuba a leda, ka ɗaure, ka sake sa ta cikin wata ledar ka ɗaure, sai kwandon shara mai murfi. Daga nan ka goge ƙasan gaba ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, da kanta da teburi da duk inda ɓera zai iya hawa, kuma kasan ba inda baya hawa. Injin shara mai zuƙar ƙura shima haramun ne a nan, ta gaba yake zuƙa ya feso ƙananan ta baya.

Mushen ɓera ma haka, fesa shi ya jiƙe, jira, leda biyu. Kaya da zanin gado a wanke da ruwan zafi da sabulu. Littattafai da takardu da ba a iya jiƙawa a shanya su a rana na wasu awoyi, ko a ajiye su wajen da ɓera baya zuwa aƙalla sati uku, ƙwayar ba ta daɗewa a waje kuma hasken rana yana saurin kashe ta. In ka gama, wanke safar tana hannunka kafin ka cire, sannan ka wanke hannun da sabulu. Mai ciki kuwa a ɗauke mata wannan aikin baki ɗaya, zan faɗi dalili a gaba.

Amma fa in baka toshe hanya ba, aikin baban giwa kayi, nan da sati sun dawo. Ƙaramin ɓera ramin da fensir zai shiga ya ishe shi wucewa, kamar milimita 6 kenan, shi yasa mutum zai rantse ɗakinsa ba rami alhali ga wajen da bututun ruwa ya shigo, ga ƙasan ƙofa, ga inda waya ta ratsa bango. Tsumma da takarda da soso duk cinye su suke, sai dai ka cusa soson ƙarfe ka bi da siminti, ko ka buga ragar ƙarfe. Abinci ya koma cikin mazubi mai murfi mai ƙarfi, kwanukan da aka ci abinci kada su kwana ba wanki, shara ta yi nesa da ɗaki. A Yosemite, wani wurin shaƙatawa a Kalifoniya, a 2012 mutum 10 suka kamu da Hanta 3 suka mutu, kuma ɗakunan kwanan a ido tsaf suke, ashe ɓerayen a tsakanin bango biyu suka yi sheƙa inda ba mai gani. Tun da na san wannan na daina yarda da tsabtar ido kawai.

Maganar tarko, mai ɗanawa ya kashe nan take shi ya fi. Na gam ɗin nan da ɓera ke maƙalewa yana ta mutsu-mutsu, da wanda ke kama shi da rai, ba a son su, don ɓera in ya firgita fitsari yake ta saki, kaga ka tara wa kanka abin da kake gudu a wuri ɗaya. Ka ɗana a jikin bango, ɓangaren abincin yana kallon bangon, tunda su gefe-gefe suke bi basa son tsakiyar fili. Kayi ta ɗanawa har sai an yi sati cur bai kama komai ba.

A Afirka ta Yamma wanda aka fi fama da shi zazzaɓin Lassa ne, Najeriya, Saliyo, Laberiya, Gini da maƙwabtansu, kuma mai ɗauke da shi wani ɓera ne mai nonuwa da yawa da masana ke kira Mastomys, yana son zama kusa da mutane ga haihuwa kamar me. Shi zazzaɓin ta abincin da ɓeran ya yi wa fitsari ko kashi ya fi shiga, sannan yana iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki, shi yasa ma'aikatan asibiti ke yawan kamuwa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ya kama ba sa ma jin wani abin kirki, amma in ya yi tsanani yana kisa, wasu kuma su warke su tashi da kurumta. Ga mai ciki a watannin ƙarshe ya fi muni, yawanci ba a samun jaririn, uwar ma tana cikin haɗari babba, dalilin da na ce a ɗauke mata aikin kenan.

Sai jemage. Shi nasa lissafin daban ne, kuma a nan zan ɗan saɓa da masu cewa a kashe su duka a huta. An gwada ai. A Yuganda akwai wata mahaƙar ma'adinai, Kitaka, inda masu haƙa suka kamu da cutar Marburg a 2007, aka gano jemagun da ke kwana a ramin ne ke ɗauke da ita, sai aka tashi aka hallaka su aka toshe ramin. Bayan ƴan shekaru wasu jemagun suka dawo suka cika wurin, da masu bincike suka sake gwadawa sai suka ga masu ɗauke da ƙwayar a cikin sababbin sun fi na da yawa, kuma a 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. Ga shi kuma su ke cinye ƙwari da dare, su ke yaɗa irin itatuwa, kuma nau'insu ya haura 1,400, mafi yawansu ba ruwansu da kai. Abin da ake so kawai kowa ya tsaya a matsayinsa.

In sun tare a silin ko rufin gida, ka tsaya a waje da magariba ka ga ta ina suke fitowa, zaka sha mamakin ƙanƙantar tsagar. Ka toshe sauran ƙofofin ka bar babbar, ka rataya raga a kanta, ka kafe sama da gefe-gefe ka bar ƙasan a sake, su fita su kasa komawa. Bayan kamar sati sai ka toshe gaba ɗaya. Kada kayi wannan lokacin da suke da ƴaƴan da basu fara tashi ba, zasu mutu a ciki su ruɓe, iyayen kuma suyi ta neman hanya har su faɗo maka cikin ɗaki. Kashinsu shima jiƙa shi ake kafin a kwashe da takunkumi a fuska, in kuma ya taru da yawa gara a kira waɗanda aikinsu kenan.

In ɗaya ne ya shigo ɗaki yana ta zagaye, fitar da yara, rufe ƙofar ciki, buɗe taga, zai nemi hanyarsa. Kada ka taɓa shi da hannu tsirara ko da ka ganshi a ƙasa kamar ya mutu, wanda ma ka gani a ƙasa da rana tsaka shi ya fi zama abin zargi. Jemage na iya ɗaukar cutar haukan kare, kuma haƙoran ƙananan sirara ne sosai, zai iya cizonka kana barci ka tashi baka ga tabo ba. Don haka in ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ka duba agogo don ya fi yadda kake zato tsawo, sannan ka wuce asibiti ranar a fara maka allurar rigakafi. In ka farka ka ganshi a ɗakin da ka kwana, ko ɗakin ƙaramin yaro, shima a je a gaya wa likita. Wannan cutar in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi, amma allurar in an yi ta da wuri tana tarewa.

Ƴaƴan itacen da kaga an gatsa an yar kuwa, ko mai kyan gani ne barshi, kada kuma ka tsince ka ba dabbobi. A Maleshiya a 1998 zuwa 1999 haka wata cuta mai suna Nipah ta fara, jemagu na cin ƴaƴan itatuwan da aka shuka a gefen garken aladu suna yar da saura, aladu su ci, masu kiwo su ɗauka daga aladun, mutum sama da 100 suka mutu, aka kashe aladu sama da miliyan ɗaya kafin abin ya tsaya. A Bangaladash kuma ta ɗanyen ruwan da ake tatsa daga bishiyar dabino take shiga, masu bincike suka kafa kyamarar dare suka ga jemagu na lasar ruwan yana gangarawa cikin tukunya, maganin da aka samo kuwa ba wani na kimiyya mai tsada bane, ɗan asabari ne na gora da ake ɗaurawa a rufe wurin tatsar.

Ranar da kayi irin wannan sharar, ko ka shiga kogo ko tsohon rami mai jemagu, rubuta kwanan watan a wayarka. Lassa kan ɗauki har kwana 21 kafin ta nuna, Hanta kuma daga sati 1 har 8, lokacin ka manta ma kayi wani aiki, kuma farkonsu duk zazzaɓi ne da ciwon jiki da ciwon kai irin wanda kowa zai ce maleriya ce. In ka sha maganin maleriya zazzaɓin ya ƙi sauka, ko numfashi ya fara yi maka wuya, kada ka jira likita ya tambaye ka, kai zaka fara ce masa ranka ya daɗe ranar kaza na share wurin da ɓera ya yi kashi, don da wannan maganar ce zai san gwajin da zai nema, kuma maganin da ake ba mai Lassa, ribabirin, a kwanakin farko aka fi sa ran zai yi amfani.